Mutum Shida Don Allura Ɗaya

Ukasha Sada matsoracin allura ne, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa ba. In kun haɗu, kafin ya faɗa maka sunan garinsu zai faɗa maka wannan. Ƙato ne, wuya kamar turmi, yana saɓa buhun shinkafa ya hau bene hawa huɗu da shi yana rera waƙa. Amma a nuna masa sirinji, ko da yana cikin ledarsa ba a ɓare ba, sai idonsa ya raina fata. Ko kunya ba ya ji. Yakan ce, "Wani ɓera yake tsoro, wani matarsa. Ni allura. A bar ni da abina."

A Funtuwa aka haife shi. Ranar da masu rigakafi suka je firamarensu, ya fice ta taga ya nutse cikin tarin auduga a bayan kasuwa, sai bayan la'asar aka zaƙulo shi fari fat yana atishawa. Ubansa ya zane shi. Ukasha ya ce bulalar ta fi masa sauƙi, a ƙara masa in an ga dama.

Da ya girma ya ci ƙuri'ar bizar Amurka, wadda ya cike don raha a wani shagon intanet. Can ya yi shekara biyu yana wanke-wanke a gidan abinci, sannan ya shiga soja a matsayin kuku. Mutane kan tambaye shi yadda matsoraci irinsa ya tsallake allurorin shiga soja. Amsar ba wuya. Yana hango ta farko ya sume, aka yi masa sauran duka yana kwance. Ya farka an gama. Har yau yana cewa bai taɓa samun rana mai daɗi irin wannan ba.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana ciyar da sojoji, har ya kai saje. Bai taɓa harbin kowa ba. Ƙwai ya fasa, albasa ya yanka, ya koya wa Turawa barbaɗa yaji a kan soyayyen dankali har suna roƙon ƙari suna hawaye. Duk lokacin da allura ta zagayo, sai ya je ya sume, a yi, ya tashi ya koma kan tukunyarsa. Haka aka saba da shi, har wata shekara da ya faɗi kan bakin tebur, haƙoransa biyu na gaba suka zube. Tun daga faɗuwar nan jikinsa ya daina suma, ya koyi gudu. Shekara na zagayowa aka ce duk soja sai an yi masa rigakafin korona, har sau biyu.

Hafsan da ke kansa yana son girkinsa, ya kira shi ofis yana nema masa mafita.

"Saje, kai Musulmi ne. Ko addininku ne ya hana?"

"Addinina bai hana ba, Yallaɓai."

"To ba ka yarda da maganin ba ne?"

"Na yarda da shi ƙwarai. A zuba min a shayi in shanye yanzu. Tsoro nake ji, Yallaɓai."

Aka sallame shi da takarda mai cewa ya ƙi bin umarni. Albashi ya tsaya, abubuwan da yake sa ran samu bayan aiki suka bi ruwa. Funtuwa kuwa ba ta komuwa, don hotonsa da kaki yana rataye a shagon kowane ɗan'uwa. Wani abokin ƙuruciya ya ce masa ya zo Alƙahira, rayuwa da sauƙi, ga ɗaliban Arewa birjik suna mutuwa da kewar tuwo. Ya zo, ya kama ɗan shago a unguwar Hayyin Ashir, ya fara tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka. Kafin wata uku kowa ya san shagon Saje.

Abin da abokin bai gaya masa ba shi ne Alƙahira gari ne na allura. Mura, allura. Ciwon baya, allura. Mutum ya shiga kantin magani ya ce jikinsa ba daɗi, kafin ya rufe baki an nuna masa bayan labule. Akwai irin kantin nan daura da shagon Saje, na wani Bamisire mai fara'a, Ayman. Ukasha ya gwammace ya zagaya layi biyu da buhun gawayi a ka da ya gifta ta ƙofarsa. Ayman kuwa kullum sai ya leƙo ya ɗaga masa hannu, "Ya Basha, ranka ya daɗe, na ga kamar kana tari!"

Sannan ya je ya auri mai allura.

Bakhita Bahaushiyar Sudan ce, ma'aikaciyar jinya, yaƙi ya koro ta daga Omdurman ita da uwarta Indo. Suka sauka a unguwar Arba wa Nus, tana bi gida gida tana yi wa mutane allura don su ci abinci. Ranar da ta fara shiga shagonsa ta buɗe jaka za ta biya, kayan aikinta suka bayyana. Saje ya saki muciya ya fice daga shagonsa a guje, ya bar ta da tukunya a kan wuta. Ta jira shi, bai dawo ba, tuwo zai kama, sai ta naɗe hannun riga ta ƙarasa tuƙin, ta sallami mutum tara. Da ya dawo yana leƙe ta ce masa, "Ya zol, bawan Allah, miyarka ba gishiri." Bayan wata biyar aka ɗaura aure. Sharaɗinsa ɗaya ne: jakar ba za ta kwana a ɗaki ba. A baranda take kwana, cikin bokiti mai murfi.

Zaman lafiya suke yi, sai dai abu ɗaya. Ukasha yana da fasfon Amurka, yana iya tafiya duk ranar da ya so. Bakhita da Indo kuwa katin 'yan gudun hijira ne da su, mai ruwan ɗorawa, izinin zamansu ya ƙare, ranar da aka ba su ta sabuntawa tana can cikin shekara mai zuwa. Kafin nan duk motar 'yan sanda da Bakhita ta hango sai ta sake hanya, ga ta kullum a kan titi da jaka. Ya nemi ya ɗauke ta zuwa Amurka, aka ce sai ya nuna aikin da zai ciyar da ita a can. Tuwon Hayyin Ashir ba ya cikin abin da suke kira aiki.

Wata Talata da hantsi yana yanka kuɓewa saƙo ya shigo wayarsa. Gwamnatin Amurka ta sake shawara. Sojojin da aka sallama kan rigakafin korona za su iya komawa bakin aiki da muƙaminsu, a gyara musu takarda, a biya su albashin shekarun da suka yi a waje. Kuma an soke dokar allurar. Ya karanta shafin farko sau uku. Na biyu bai buɗe ba. Ya fito tsakiyar titi da ludayi a hannu yana rawa, ƙato guda, yana juyi yana ihu, "Ba allura! Jama'a, ba allura!" Ya rungumi mai sayar da lemo. Ya rungumi wani direban tuk-tuk, keken nan mai ƙafa uku, da bai sani ba. Ya tsallaka titi, karo na farko a tarihi, ya sumbaci Ayman a goshi a bakin ƙofar kantinsa.

Labari ya shiga unguwa, ya fito da wata kama. Kafin azahar abin da ake faɗa daga Hayyin Ashir har Arba wa Nus shi ne Amurka tana biyan duk wanda ya ƙi allurar korona, kuma a wurin Saje ake rubuta suna. Washegari ya zo buɗe shago ya tarar da layi har kwana. Kamilu, wani ɗalibin shari'a ɗan Gusau wanda shekara takwas ke nan yana cewa saura masa shekara ɗaya, ya riga ya naɗa kansa magatakarda, ya zauna da littafi da biro biyu.

"Ustaz, me kake rubutawa?"

"Sunayen mustahiƙƙai, masu haƙƙin kuɗin, Yaya Saje. Mun kai saba'in da huɗu."

"Waɗanne mustahiƙƙai? Soja ne kai?"

"Ban yi soja ba, amma na ƙi allurar. Niyya ai ɗaya ce."

Wani tsoho ya matso ya ce shi ko ƙwayar ciwon kai bai taɓa haɗiya ba, a sa shi a sahun gaba. Tarig, direban tasi, ya ce an yi masa guda ɗaya ya ƙi ta biyu, ko rabi ne a ba shi. Wata mata da aka yi wa duka biyun ta ja Bakhita gefe tana tambaya a hankali ko akwai yadda za a zuƙe ta a fitar. Bakhita ta yi dariya har ta zauna a kan buhun gawayi.

Ukasha ya hau kujera ya yi musu bayani da Hausa, ya sake da Larabcinsa mai gurgunta. Ba wanda ya motsa. Kamilu ya miƙe ya ce ko ba komai a yi wa gwarzo kabbara, mutumin da ya tsaya gaban Amurka guda ya ce a'a saboda aƙida.

"Wace aƙida? Ustaz, ka ji tsoron Allah. Gudu na yi. Ku kuma da kuka ƙi don taurin kai, ga Ayman can, ku je a yi muku. Ni da zan iya da tuni na yi."

Tunda sun riga sun taru, ya sayar musu da tuwo. Bai taɓa ciniki irin na ranar ba.

Da la'asar Bakhita ta karɓi wayar ta ce a ga sauran takardar. Ta karanta shafi na biyu, ta dube shi, ta sake karantawa, ta fara danne dariya.

"Saje, zauna."

"Ina jin ki a tsaye."

"Ka dai zauna. Sun ce kafin ka koma sai an duba lafiyarka. Ido, kunne, nauyi." Ta ɗan tsaya. "Da jini."

"Jini kamar yaya? Su duba shi ta ido mana. Ga shi nan a jikina, yana ta aikinsa."

"Kwalba uku ƙanana. Kuma sai a asibitin da suka amince da shi, kafin ƙarshen wata."

"Ke ba za ki iya ba? In yi barci ki ɗiba?"

"Da zan iya da tun daren aure na ɗiba na ajiye."

Asibitin a unguwar Zamalek yake, hawa na uku, a wani layi mai itatuwa inda ofisoshin jakadanci suke jere da masu gadi a ƙofa. Ukasha ya sha babbar riga da hula, ya fesa turare, Tarig ya kai su a tasi. Likitar, Dakta Rawan, 'yar siririya ce mai tabarau. Ya gaya mata gaskiya tun a bakin ƙofa, yadda ya saba. Ta yi murmushi ta ce ma'alish, ba komai, manyan maza duk haka suke, yara ma tana yi musu ba su sani ba. Aka duba ido, lafiya. Aka duba kunne, lafiya. Ta naɗe masa hannun riga, ta ɗaura roba a damtse, ta goga auduga mai sanyi. Ya ji ƙarar ɓare leda.

Abin da ya biyo baya shi kansa bai sani ba, sai labari aka ba shi. An ce bai jira lif ba. An ce mai gadin wani ofishin jakadanci ya ga ƙato cikin babbar riga yana tafe kamar an harbo shi, ya shige rumfarsa ya rufe. An ce wani mai yawo da kare ya saki igiya, karen ya bi shi layi biyu ya gaji ya dawo. Shi dai ya farga ne a kan gada, iskar Nilu tana kaɗa masa riga, takalmi ɗaya a ƙafa, robar likita tana nan ɗaure a damtsensa.

Bakhita ta iso gida bayansa da hularsa da ɗaya takalmin a leda. Ta ajiye a gabansa, ta wuce ta ɗora shayi. Indo tana zaune a kan darduma tana jan carbi. Ita kunyar surukai ta baro ta a Omdurman tare da kujerunta, ba ta da lokacinta yanzu.

"Ɗan nan, kakana da ƙafa ya tako daga Sakkwato har Sinnar ta Sudan. Bai yi gudun da ka yi yau ba."

"Inna, wallahi ba ni ba ne. Ƙafafun ne."

"To a bar ƙafafun a gida a kai hannun."

Ya yi dariya, ya waiga ya ga ko Bakhita ma tana yi. Tana tsaye tana gyara jakarta, za ta fita yi wa wata mai ciwon suga allura. Ta ɗauko katin nan mai ruwan ɗorawa ta duba, ta cusa cikin rigarta, ta leƙa titi ta baranda hagu da dama, yadda take yi kullum kafin ta sauka. Ya sha ganin ta tana yin haka. Ranar ce ya tsaya ya kalla har ta gama.

"Likita ta ce ka mayar mata da robarta," in ji Bakhita daga bakin ƙofa. "Ta ce Alhamis ƙarfe goma. In ka sake gudu ba ta da wata rana sai wata mai kamawa, lokacin an rufe. Khalas, shi ke nan, ni ban ce komai ba."

Kwana biyu Saje yana neman dabara. Ya sa Bakhita ta soki lemo da allura a gabansa don ido ya saba. Aka same shi a hawa na ƙasa, wurin mai gadin gida. Kamilu ya kawo addu'o'i shafi huɗu, ya ce a karanta a tofa a damtse. Ukasha ya karanta, ya tofa, ya ji ƙarfin zuciya sosai, har Bakhita ta taɓa murfin bokiti. A ƙarshe ya tafi wurin Ayman da ƙafarsa, ya tsaya daga waje ya tambaya ko akwai abin da ke kwantar da hankali. Ƙwaya dai likita ta hana kafin gwaji. Ayman ya ce akwai wani abu mai kyau ƙwarai, minti biyar mutum ya zama kamar rago.

"Kawo, ya Doktor, ko nawa ne."

"Tamam, ba matsala. Shigo bayan labule."

"Allura ce?"

"'Yar ƙarama."

Ayman ya ce bai taɓa ganin mutum ya tsallaka titin nan ba tare da ya duba mota ba sai ranar.

Ranar Laraba Saje ya tuƙa tuwo tukunya biyu, ya yanka kaji, ya aika a gaya wa duk wanda sunansa ke littafin Kamilu ya zo bayan la'asar. Suka zo da murna, wasu da fasfo a aljihu, suna zaton kuɗin ne suka iso. Ya bar su suka ci suka ƙoshi, suka sha shayi. Sannan ya hau kujera ya buga ludayi a murfin tukunya.

"Jama'a, Amurka ba ta san da ku ba, kuma ba za ta sani ba. Wannan tuwon shi ne rabonku, kun cinye. Yanzu ni ke da buƙata."

Wani ya ci gaba da tsotsar ƙashi.

"Gobe ƙarfe goma za a ɗebi jinina a Zamalek. In ba a ɗiba ba, matar nan da kuke gani za ta ci gaba da leƙen titi kamar ɓarauniya, alhali rabinku ita ta yi muku jinya. Ni kuma na san kaina. Ba zan tsaya ba. Kada wani ya ce min in yi ta maza, na gwada, mazan sun gudu tare da ni. Mutum shida nake so, masu nauyi. Ba na son ɗalibin da ke azumin Litinin da Alhamis."

Hannuwa suka tashi ana dariya. Kamilu ya buɗe sabon shafi. Indo ta ce daga kujerarta a rubuta ta, ita za ta zauna masa a ƙirji.

"Inna, ki rufa min asiri. Ke ki riƙe hula." Ya juya ga sauran. "Ku saurara da kyau, don gobe ba za ku ji magana mai hankali daga bakina ba. Tarig, ka kulle ƙofofin mota tun daga nan, kada ka tsaya ko na ce fitsari nake ji. Ƙarya ce. In mun isa ku cire min takalma ku ba matata. Biyu a ƙafafu, biyu a kafaɗu, ɗaya ya danne hannun, ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa, shi ne mafi ƙiba. Ustaz, kai ka toshe min kunne, kada in ji ƙarar leda. Zan ce na fasa. Zan ce na yafe aikin, ba na son Amurka, Funtuwa zan koma. Zan haɗa ku da Allah da Annabi. Zan yi muku alkawarin tuwo kyauta har shekara. In abin ya ƙi, zan zagi iyayenku ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu, don na san su. Ina neman gafararku tun yau, ku ma ku nema min tasu. Wanda na cije, Bakhita za ta wanke masa. Abu ɗaya nake roƙo. Duk abin da na faɗa, duk yadda na yi kuka, kada wanda ya ji tausayina. Ku riƙe ni har sai likita ta ce khalas, kuma ko ta ce, ku ƙara minti ɗaya."